Fitilun da Ba a Taɓa Kunnawa Ba

Tsofaffin fitilu arba'in Mikail ya jera a falonsa da ke unguwar Abbaganaram, kullum yana goge su kamar jarirai. Ranar da Siddiƙa ta zo da gwaggonta ganin gidan kafin ta amince da aurensa, sai ga shi yana zufa har ƙeya.

Siddiƙa ta ce, "Yaya Mikail, wacce ka taɓa kunnawa?"

"Ko ɗaya. Hayaƙi yana ɓata gilashin."

"To ni ma jera ni za ka yi, ka riƙa gogewa?"

Mikail ya sauko da wadda ya fi so, ya girgiza ta. Ba ko ɗigon kananzir.

Siddiƙa ta sunkuyar da kai, ta zaro 'yar kwalbar kananzir daga jakarta.

"Ashana dai kana da ita ko?"