Feshin Jini a Rigar Makaniki

Rigar makanikin na shimfiɗe a teburin ɗakin bincike, ƙirjinta duk feshin jini, mitsi-mitsi kamar an barbaɗa barkono.

'Yan sanda sun ce feshin duka ne, wai ya rafka wa matarsa ƙarfe a ka. Shi kuwa ya rantse a ƙofar gida ya tarar da ita kwance, ya rungume ta, ta yi tari a jikinsa, ta cika. To, wa zai saurari mai baƙin mai a farce?

Mai binciken kaɗai ke iya raba gardamar. Jini ba ya faɗin ta inda ya fito, amma ƙwayoyin cutar da ke cikinsa 'yan gulma ne. Na baki daban, na fata daban. In jinin ya biyo ta baki, za a same su a ciki, makaniki ya koma gida. In babu, sai igiya.

Da hagu mai binciken yake aikin, dama na naɗe da bandeji. Kwalba ce ta yanke shi, in ji shi.

Uwar makanikin ta tare shi a bakin ƙofa, ta zube ƙasa, tsofai-tsofai da ita.

"Likita, don Allah ka duba da kyau. Yaron nan ko kaza ba ya iya yankawa. Wushiryar matar nan tasa kawai zai gani ya manta bai ci abinci ba."

"Tashi, Iya. Na'ura ba ta san ɗan kowa ba."

"Hannun nan naka fa ya kumbura, ɗana. Ka sha magani."

Da hantsi sakamako ya fito. Ƙwayoyin baki fal, kamar da cokali aka zuba su. Makaniki bai yi ƙarya ba.

Mai binciken ya goge abin da na'ura ta nuna, ya jefa ragowar ƙyallen da ya yanko cikin kayan ƙonawa, ya rubuta cewa babu alamar yawu. Ya fita ya ce wa tsohuwa ya yi iya yinsa. Tana kuka tana sa masa albarka, har da roƙa wa hannunsa sauƙi.

Ya kulle kansa a banɗaki, zazzaɓi na kaɗa shi. Ya fi kowa sanin ɓarnar da ƙwayoyin baki ke yi wa nama. Ya warware bandejin a hankali, wari ya buge shi.

Shatin haƙora ne, duk ya ruɓe, sai ɗan siririn wuri a tsakiya da fata ta tsira, daidai inda wushiryar matar makanikin take.