Jan ɗigon waƙar Kaka

Bayan la'asar ne a gidanmu na unguwar Misfala, ina shekara tara. Baba ya miƙa wa Kaka waƙar bege ta mahaifinta, an buga ta fes da na'ura.

"Tsohuwar takardar fa?" ta ce.

"Na ƙona ta, Inna, kar a taka sunan Allah. Jagwalgwalon jar tawadar nan kaɗai aka cire."

Jan ɗigon saman kalmomin shi ke nuna mata inda murya ke hawa da sauka. Ta soma rerawa, a baiti na biyu ta tsaya. Ƙaurin takardar bai ma bar gidan ba.

Jiya na karanta cewa masana na tattalin tsoffin littattafan waƙar cocin Girka saboda irin ɗigon nan. Namu kuwa a gwangwani aka ƙona shi.