Miya Ba Gishiri

Tun da aka wajabta wa direbobi allurar da ke toshe inda wiwi ke kamawa a ƙwaƙwalwa, hatsari ya ragu, amma sun daina jin yunwa.

Yau Tabawa, mai tuwo a tashar Funtuwa, ta manta ba ta sa gishiri a miya ba. Direbobi goma suka ci, babu wanda ya tanka.

Ɗanta Sallau, shi ma direba, ya zo bayan wayarsa ta tuna masa da abinci. A da har kwano yake suɗewa.

"Yaya miyar?" ta tambaye shi.

"Da daɗi, Inna. Loma nawa likita ya ce in riƙa yi?"

"Ashirin," ta ce. Ta zauna a gefensa tana ƙirga masa.