Gidan da Malam Zarami Ya Kore Wa Mutane

Malam Zarami ya gama zagaya Azare a kan babur har kujerar ta san shi. Maigidan da suke haya zai aurar da ɗansa, ya ce su tashi kafin ƙarshen wata. Ga 'ya'ya, ga awakin matarsa Zuliha, ga dangi daga Gamawa da ba sa yankewa, duk wanda ya zo asibiti a gidansa yake sauka da tabarmarsa.

Gida kuwa ya yi tsada a garin. Ma'aikatan asibiti da malaman kwaleji sun wawashe komai, dillalai sai yanga suke kamar masu 'ya'ya mata.

Duk lokacin da Zuliha ta buɗe baki kan maganar, sai ya ɗaga mata hannu. "Neman gida aikin maza ne. Ke dai ki ji da tukunyarki." Ita kuwa ta ci gaba da zuwa bukukuwanta. Har wani sabon labule ta ɗinko, abin da ya ba shi haushi ƙwarai.

Ana haka dillali ya kai shi wani gida kusa da asibiti, ciki uku da falo, ga rijiya. Zarami ya ji gidan ya kwanta masa a rai. Sai dillalin ya sosa ƙeya ya ce akwai matsala: Hajiyar gidan ta riga ta yi wa wata mata alkawari a wajen suna.

"Matar wa?"

"Oho. Ka san mata ba sa kama sunan miji. Maigidana kawai take cewa."

Zarami dai mutum ne mai ji da wayonsa. Ya saka babbar riga, ya tari Alhaji Gidaɗo mai gidan bayan sallar la'asar, ya rage murya kamar mai ba da shawara don Allah. Bai san mutanen ba, amma hakan bai hana shi ba. Ya ce ya ji labarinsu: yara kamar makaranta, dabbobi masu cin bango, baƙin ƙauye kullum cike da zaure. Mijin kuma, in ji shi, bai iya riƙe bakinsa ba.

Alhaji ya gyaɗa kai, ya ce zai bincika.

Ranar Zarami ya koma gida yana fito, har tsire ya sayo. Da Zuliha ta tambayi dalili, ya ce ba komai ne mace take ganewa ba.

Da aka kwana biyu Alhaji ya aika aka kira shi. Zarami ya tafi yana lissafin inda zai ajiye gado.

"Malam, Allah ya saka da alheri," in ji Alhaji. "Na tura an bi matar har gida. Duk abin da ka faɗa haka yake, ba ƙari ko ɗaya. Na ba wani likita gidan."

Zarami ya ce, "Likita? To ni fa, ranka ya daɗe?"

Alhaji ya dube shi da tausayi sosai.

"Ai kai ka ce kada in ba ku. Ka gaida Zuliha, ka ce Hajiya tana ba ta haƙuri."