Agogon Abba

Injiniya Afrah na tsakiyar gwajin wata na'ura a ofis sai wayarta ta fara ƙara. Agogon da ta ƙera da hannunta, ta ɗaura wa mahaifinta don ya riƙa turo mata bugun zuciyarsa, ya daina jin komai.

Ba ta san yadda ta tuƙo mota zuwa gidansu da ke Nasarawa ba. Tana isa ta banka ƙofar falo.

Ga Alhaji, mahaifin nata, zaune, yana shan shayi.

"Abba!" Ta durƙushe tana kuka. "Alhamdulillahi, ashe agogon ne ya lalace. Ina yake?"

"Ni ai lafiyata ƙalau," in ji shi. "Ummanki na ɗaura wa da safe, ta ce ƙirjinta na mata nauyi. Tana ɗaki tana barci, kada ki tashe ta."