Fim ɗin Malam Shiru

Minti goma da fara fim tsohon ya tuntsire da dariya, ba a wurin dariya ba kuwa. Darakta na tsaye jikin bango a bayan ɗakin kallo, ya ji ta sarai.

Tsohon nan shi ne Malam Shiru, mai littattafan zane. Sunan ya bi shi ne saboda babu kalma ko ɗaya a littattafansa. Hotuna ne zalla, ba lambar shafi, bangon gaba da na baya iri ɗaya. Ba ya ɗaukar waya. In ka aika masa wasiƙa zanen akuya zai mayar maka, kai ka san abin da akuyar ke nufi. Sau biyu ana mayar da littafinsa fim, sau biyu yana tashi a tsakiyar kallo ya fice, ya hana a saki fim ɗin, bai kuma gaya wa kowa dalili ba. Wasu suka ce taɓin hankali ne. Darakta ya fi yarda cewa mugunta ce tsagwaronta.

Yanzu ga nasa fim ɗin, aikin shekara biyu cur. Takardar izini tana aljihunsa, in tsohon bai sa hannu yau ba, shi ke nan, an yi wahalar banza. Tun ranar da ya kai masa yarjejeniyar farko jikinsa ya ba shi akwai wata a ƙasa, domin mutumin ya fara duba shafin ƙarshe ne yana komawa baya, kamar mai neman inda aka ɗana masa tarko.

Shi ya sa darakta ya rantse ba zai ba shi ƙofa ba. Ya bi littafin hoto bayan hoto, bai ƙara ba, bai rage ba. Uba da ƙaramar 'yarsa suna shan shayi suna dariya. Sai ga su a bakin ƙofa, shi da jaka a hannu, ita ta ƙanƙame shi tana kuka. Sai doguwar hanya, sai mota, sai uban shi kaɗai a kan bencin tasha. Ko shirmen da ke ciki bai taɓa ba. Kofunan shayi sun fara babu komai suna ta cika, haka aka ɗauka. Takalmin uban ya yi buɗu-buɗu a ƙofar gida, a tasha kuma yana ƙyalli. Jarumin fim ɗin har cewa ya yi, “Yallaɓai, wace irin hanya ce wannan mai wanke takalmi?” Darakta ya ce ya ja bakinsa ya yi shiru, haka mai abu ya zana.

To mene ne abin dariya?

Kusa da tsohon akwai wata mata mai tabarau, za ta yi shekara talatin. An ce 'yarsa ce, yau ta fara rako shi. Darakta bai yarda ba. Zaman nan nata, da yadda ta ɗora jaka a cinya ta harɗe hannu, lauya ce ko shakka babu. Ya ga ta sunkuya ta raɗa wa tsohon magana, tsohon ya girgiza kai. Lallai tun daga gida suka shirya abinsu.

Su kuwa 'yan kallo fim ya kama su. Da aka zo wurin ƙofa, wata mata a layin gaba ta fashe da kuka, maƙwabciyarta na ba ta haƙuri ita ma tana jan majina. Wani ƙato ya daki kujera ya ce, “Kai, wannan ba uba ba ne!” Can gefe wata dattijuwa ta ɗaga murya, “Allah ya isar miki, 'yar nan! Mugu kawai!” Aka ɗauka gaba ɗaya, wannan ya tsine, wancan ya yi tsaki. Darakta ya ji daɗi ya kama shi, abin da yake nema ke nan.

Sai ya lura dariyar tsohon ta ɗauke. Ya nutse cikin kujera, hularsa a hannu yana murzawa. Matar ta kama hannunsa ta riƙe gam. Sau biyu ya yunƙura zai tashi, sau biyu tana mayar da shi. Darakta ya kasa gane wannan kuma wane salon makirci ne.

Aka kunna fitila, tafi ya cika ɗakin. Tsohon bai fita ba! Darakta ya kutsa cikin mutane, takarda da biro a hannu, tsohon littafin da ya yi aiki da shi a hammata. Mutane na wucewa ta gefensu suna ci gaba da zagin uban. Wani ma ya ce da zai haɗu da irinsa sai ya zubar masa da haƙora.

“Baba, ka ga yadda ya ratsa su?” in ji darakta. “Ko ɗigo ban canja ba.”

Tsohon bai dube shi ba, idanunsa sun yi ja. Matar ce ta miƙe ta cire tabarau, sai ga kamar tsohon sak a fuskarta.

“Malam, ara mini littafin nan,” ta ce. “Ni ce yarinyar da ke ciki. Shekara shida na yi ina jiran ranar da ya zana a nan.”

Ta karɓa, ta kifa shi, ta buɗe ta ɗaya bangon, inda uban ke zaune a tasha.

“Baba daga dama yake fara littafi. Ba tafiya ya yi ba, dawowa ya yi.”