Tukunyar da Ta Tsayar da Tirela

Duk mai cewa hukuma ta yi asara in ta ɗaga wa mai sana'a ƙafa, ya matso ya ji wannan.

Akwai wani gari a bakin kwalta, manyan motoci na wuce shi fuu, ba mai taka birki. Rabon garin a hanyar nan bai wuce hayaƙi da mushen kaji ba. Samari sun watse cin rani, kasuwa ta koma wurin kiwon awaki. Ana nan sai aka zaɓi sabon ciyaman, mutumin da ya yi karen mota a ƙuruciyarsa, ya sha barci a kan buhunan albasa. Ya tarar ɗan abin da ke baitulmali ba zai yi aiki biyu ba. Kansiloli suka ce a gina ƙofar gari, a zuba mata fenti, masu hannu da shuni su gani su zo. Shi kuwa ya san direba ba ya tsayawa don fenti, cikinsa ke tsayar da shi. Ya kuma san a garin gaba, ƙarƙashin wata ƙaramar hukuma, akwai wata mata da mijinta ya rasu ya bar ta da tukwane, mai tuwon shinkafa da miyar taushe, wadda direbobi ke danne yunwa tun daga nesa don su kai gabanta. Ya tafi da ƙafarsa. Ta gaishe shi hannunta na kan muciya, ba ta fasa tuƙi ba. Ya yi mata tayin shago na bulo, kyauta. Ta ce, "Ranka ya daɗe, shago ai na mai sayar da atamfa ne. Ni ruwa nake so a gindin murhuna, da filin da tirela za ta juya ba ta karya wa kowa katanga ba. Masu rasit ɗin haraji kuma kada in ga ƙeyarsu sai kaka ta zagayo." Ya ce an yi. Da ciyaman ɗin garinta ya ji ana zawarcin mai tuwonsu, sai ga aike, buhun shinkafa da turmin zane. Ta karɓa, ta yi godiya, ta tura wa mutuminmu labari, ta ƙara sharaɗi: a zuba tsakuwa a filin saboda damina, darbejiyar wurin kuma ko reshe kada a taɓa. Ya share gumi ya ce wannan ma an yi.

Kuɗin ƙofar gari kakaf suka shige rijiyar burtsatse da tsakuwa. Gari ya ɗauka. A majalisar dattawa, a wurin suna, har a bakin masallaci, sunansa ya koma Ciyaman Tuwo. Ya san sarai in motocin nan ba su tsaya ba, sunan zai bi shi har kabari, kujerar kuma ya gama zamanta. Ranar da matar ta kafa murhu ya zo ya zauna a inuwar darbejiya kamar mai jiran haihuwa. Tuwo ya nuna, man shanu ya narke, ƙamshi ya tsallaka titi. Tirela ta wuce. Wata ta wuce. 'Yan kallo suka fara ƙyafta wa juna ido. Ita ko a jikinta, kwasar tuwonta take tana jera malmala, don ta riga ta faɗa wa tsofaffin masu cin tuwonta inda ta koma, baki kuma ya fi mota gudu. Can sai ga wata doguwa ɗauke da shanu ta rage gudu, ta saki iska fsss, ta gangaro kan tsakuwa! Direba ya diro yana kiran, "Uwar ɗakina, nan kika ɓuya?" Kafin ya wanke hannu wata ta tsaya a bayansa, wata a bayan wata, har fili ya yi kaɗan. Ciyaman ya miƙe, hularsa ta faɗi, bai ko waiwaye ta ba.

To, inda mota ta tsaya taya kan yi faci, sai ga mai faci da injinsa. Mai shayi ya kafa tebur, mai tsire ya hura wuta, makanike ya baje spanoninsa. Manoma suka ga motocin da suka sauke kaya suna komawa wayam, suka fara turo masara da wake bakin titi, dillalai suka biyo su da ma'auni. 'Yan cin rani suka ji labari suka dawo gida dako da lodi. Kansilan da ya fi kowa ɗaga murya a kan fenti, shi ya riga kowa neman fegi kusa da famfo, ya buɗe wa ɗansa shagon man juye. Da kaka ta zagayo masu rasit suka fito, tun hantsi har la'asar ba su kai ƙarshen layi ba. Mai tuwo ma ta biya, amma sai da ta ja musu rai, ta sa suka ci tuwo da kuɗinsu. Garin gaba kuwa, mai buhu da turmin zane, yanzu shi ake wucewa fuu.

Shi ya sa masu iya magana suka ce, da ruwan ciki ake jan na rijiya.